Lamba, Lasisi Da Riga: Yadda Ake Gano Ɗan Acaba Da Yadda Ake Hukunta Shi

'Yan uwa mazauna kudu, musamman masu neman abinci a kan babur a Legas, Ibadan, Abekuta da sauran garuruwa. Daga unguwar Yelwa a Jalingo nake rubuto wannan bayani. Sau da yawa akan bugo waya gida a ce an kama mashin ɗin wane, a haɗa kuɗi a tura. In ka tambaya wace hukuma ce ta kama, wane laifi aka rubuta masa, ina rasit, sai a yi shiru. Shi ya sa na ga ya dace in tattara abin da ya kamata ɗan acaba da mai babur su sani wuri guda: ta yaya hukuma ke gano mai laifi, wa ke da ikon kamawa, mene ne hukuncin, kuma me mutum zai yi in tsautsayi ya faɗa masa.

Darasin Jalingo

Zan fara da garinmu, domin a nan aka ga ƙarshen abin. Ranar 30 ga Afrilu 2012 wani ɗan ƙunar baƙin wake a kan babur ya afka wa ayarin kwamishinan 'yan sandan Taraba a tsakiyar Jalingo, aƙalla mutum 11 suka rasu. A cikin wannan shekarar gwamnatin Danbaba Suntai ta hana babura zirga-zirga a cikin gari, keke mai ƙafa uku ya maye gurbinsu. A farkon 2024 gwamnatin Agbu Kefas ta sake jaddada haramcin, har ta ƙayyade wa masu keke lokacin aiki daga ƙarfe 6 na safe zuwa 8 na dare.

Jalingo ba ita kaɗai ba ce. Abuja ta kori acaba daga tsakiyar birni tun Oktoban 2006 zamanin minista Nasir El-Rufai. Maiduguri ta hana a 2011. Kano ta hana goyo a babur a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Benin ta bi sahu a 2013, Anaca da Awka kuma a 2018.

Wani zai ce ai waɗannan maganar tsaro ce, me ya haɗa su da laifin hanya? Abin da ya haɗa su shi ne hujjar da gwamnatoci ke kawowa kusan iri ɗaya ce: an yi ta'asa a kan babur, an nemi mai shi an rasa. Mai mota in ya buge mutum ya gudu, lambarsa za ta kai hukuma har ƙofar gidansa. Babur mara lamba kuwa da ya sha kwana shi ke nan, ya shige cikin dubban Boxer masu kama ɗaya. To hukumar da ta kasa kamo mutum ɗaya, sai ta huce a kan kowa. Wake ɗaya ya ɓata gari. Mu a Yelwa mun ga sakamakon: samarin da ke ci da iyayensu da acaba wasu sun koma keke, wasu gona, da yawa kuma suka loda mashinansu suka nufo wajenku.

Hanyoyi huɗu da ake bin sawun ɗan acaba

Ta farko ita ce lamba. Haruffa ukun farko na nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajista, misali JAL na Jalingo, KMC na birnin Kano, MUS na Mushin. Launin rubutun ma yana magana: ja na abin hawan haya ne, shuɗi na kai da kai, kore na gwamnati. Wanda ke ɗaukar fasinja da lamba mai shuɗin rubutu ya riga ya ba jami'i hujjar tsayar da shi. A lokacin rajista ana haɗa lambar da lambar inji, da lambar shasi da ke jikin ƙarfen babur, da suna da adireshi da lambar wayar mai shi, duk su shiga rumbun bayanan hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wato FRSC. Ana iya canza fenti, ana iya cire lamba, amma lambar inji da ta shasi su ne shaidar babur, kamar yadda tambarin da ke jikin saniya ke nuna garken da ta fito.

Ga inda mutanenmu ke yawan faɗawa rami. Ka sayi mashin na hannu, an ba ka takardun mai shi na farko, ba ka je an mayar da su sunanka ba. In aka yi laifi da shi, wancan bawan Allah za a nema. In kuma aka kama shi a hannunka, ba ka da abin da zai nuna naka ne, daga laifin hanya sai magana ta koma zargin sata. Don haka duk wanda ya sayi na hannu ya karɓi rasit na asali, a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, sannan a je ofishin lasisi a sauya suna.

Ta biyu ita ce lasisin tuƙi. Na babur shi ne rukunin A, kuma sai mutum ya kai shekara 18. Hukumomi uku ke da hannu a ciki: jami'an VIO su gwada tuƙinka, hukumar tara haraji ta jiha ta karɓi kuɗi, FRSC ta ɗauki hoto da zanen yatsu ta buga katin. Yanzu sai da lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN. Akwai na shekara 3, akwai na shekara 5. A 2019 FRSC ta sanar da cewa za ta riƙa kama babura da kekuna marasa lamba da direbobinsu marasa lasisi a duk faɗin ƙasa. Ku yi hattara da 'yan kamasho masu cewa kawo kuɗi da fasfo gobe ka karɓi lasisi. Lasisin da ba ka je da kanka an ɗauki yatsunka ba, jabu ne, kuma riƙe jabu ya fi rashin lasisi muni.

Ta uku ita ce riga da ƙungiya. Ƙungiyoyi irin su ACOMORAN a matakin ƙasa da MOALS a Legas suna da rassa a tashoshi, suna ba da kati da riga mai lamba, suna yankar tikiti kullum. Na san korafin da ake yi a kan kuɗin tikiti, kuma korafin yana da tushe. Sai dai in fasinja ya manta kaya, ko aka buge wani aka gudu, wajen ciyaman na tasha 'yan sanda ke fara zuwa. A jihar Oyo gwamna Seyi Makinde ya sa hannu a kan umarni a ƙarshen 2023 cewa kowane ɗan acaba ya yi rajista ya karɓi riga mai lamba da wani tambari da ake haskawa da waya, sunansa da bayanansa su fito. Wannan dabara ba sabuwa ba ce a yankinmu. Wanda ya taɓa zuwa Kwatano ya ga 'yan acabarsu, da suke kira zemijan, sanye da riguna ruwan ɗorawa da lamba a baya. A Kigali ta ƙasar Ruwanda ma direba na da riga mai lamba, da hular kwano biyu, tasa da ta fasinja. Ku lura, garuruwan da suka iya gane direbobinsu ɗaya bayan ɗaya ba su kore su ba.

Ta huɗu ita ce mai babur da garanto. Da yawa daga cikin yaranmu ba su ne masu mashin ba, ko dai suna kawo balas kullum, ko suna biya kaɗan-kaɗan har ya zama nasu. Ni ɗan mai fataucin shanu ne, kuma a kara na koyi cewa ba a sayen saniya a hannun baƙo sai dillali ya tsaya masa, don in ta zama ta sata a san wanda za a riƙe. Haka abin yake a nan. Alhajin da ya raba babura goma ya sani cewa sunansa ke jikin takarda, shi za a fara kira. Ya kamata ya ajiye hoton kowane yaro, da lambar wayarsa, da kwafin lasisinsa, da sunan wanda ya tsaya masa. Shi kuma mai tsayawa kada ya sa hannu don kunya ko don an fito gari ɗaya.

Bayan waɗannan huɗun akwai kyamara. A Legas an kafa kyamarori masu karanta lamba a manyan tituna, ana turo wa mai abin hawa saƙon tara ta waya ba tare da kowa ya tsayar da shi ba. Ga kuma wayar da ke hannun kowane mai wucewa. Bidiyo ɗaya a Facebook ya isa a gane fuska.

Wa ke da ikon tsayar da kai

FRSC, waɗanda muke kira 'yan rodi sefti, hukuma ce ta tarayya da aka kafa a 1988, tana aiki da dokarta ta 2007 da ƙa'idojin hanya na 2012. Jami'an VIO na jiha ne, aikinsu lafiyar abin hawa da takardunsa. 'Yan sanda suna da iko a kan kowane laifi, kuma duk hatsarin da aka ji rauni ko aka rasa rai hannunsu yake komawa. Sannan wasu jihohi suna da tasu hukumar: LASTMA a Legas, OYRTMA a Oyo, TRACE a Ogun, kamar dai yadda muke da KAROTA a Kano. A Legas akwai kuma rundunar tasfos mai hedikwata a Oshodi, ita ce kan gaba wajen kamen babura a wuraren da aka haramta.

'Yan ƙungiya da masu yankar tikitin ƙaramar hukuma ba kotu ba ne. Suna iya tambayar tikiti, amma ba su da ikon yanke wa mutum hukuncin laifin hanya. Duk wanda ya tare ka ba kaki, ba katin shaida, ba takardar rubuta laifi, to ka san da wa kake magana.

Laifuka da tararsu

A jadawalin da FRSC ta daɗe tana aiki da shi, ga laifukan da suka fi shafar ɗan acaba:

Rashin hular kwano: naira 2,000.
Ƙetare danja ko alamar hanya: naira 2,000.
Rashin lamba ko lamba mara ƙa'ida: naira 3,000.
Amsa waya ana tuƙi: naira 4,000.
Tuƙi cikin maye: naira 5,000.
Rashin lasisi: naira 10,000.
Lodi fiye da ƙima: naira 10,000.
Yunƙurin ba jami'i cin hanci: naira 10,000.
Tuƙin ganganci: naira 50,000.

Wannan na tarayya ne. Jihohi suna da nasu jadawalin, kuma na Legas ya fi wannan zafi nesa ba kusa ba. Ana kuma sabunta farashi, saboda haka abin da aka rubuta a takardar laifi shi ne abin dubawa. Amma ku kalli lissafin da kyau: tarar rashin hula 2,000 ce, ta miƙa na goro kuwa 10,000. Wanda bai san jadawali ba yakan biya a gefen titi fiye da abin da doka ta ce, kuma gobe a sake kama shi a kan laifin.

Maganar hula ta daɗe. Da aka fara tilasta ta ranar 1 ga Janairu 2009, har ƙwarya da robar fenti wasu suka riƙa kifawa a ka, labarin ya zaga duniya ana dariya. To ƙwarya ba ta tare kwalta. Asibitin ƙashi na Igbobi a Legas da na Dala a Kano sun san 'yan acaba sarai.

Legas daban take

Wanda zai yi acaba a Legas ya san cewa a wasu wurare hawan babur ɗin kansa shi ne laifin, ko da takardunsa sun cika. A 2012 gwamnatin Babatunde Fashola ta yi dokar da ta hana acaba a tituna 475, ta kuma hana ɗaukar fiye da fasinja ɗaya, da mai juna biyu, da mace mai goyo. Dokar sufuri ta 2018 ta gaji wannan. A ranar 1 ga Fabrairu 2020 gwamna Babajide Sanwo-Olu ya faɗaɗa haramcin, har kamfanoni irin su Gokada da ke ɗaukar fasinja ta manhajar waya abin ya shafa.

Daga 1 ga Yuni 2022 aka hana acaba ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa. Daga 1 ga Satumba 2022 aka ƙara huɗu: Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. 'Yan Mile 12 da Ketu su lura suna cikin Kosofe, 'yan Idi-Araba kuma suna cikin Mushin. Gwamnati ta ce direba da fasinja duka ana iya gurfanar da su, hukuncin na iya kai wa ɗaurin shekara 3, babur kuma a murƙushe shi. Ba barazana ba ce kawai, domin a makon farko na Yunin 2022 an murƙushe sama da babura 2,000 a bainar jama'a. Bin wanwe ma a Legas na iya sa kotu ta ƙwace abin hawa gaba ɗaya a yi gwanjonsa.

Saboda haka in wani ya ce maka kawo kaza zan fito maka da mashin daga hannun tasfos, alhali a yankin haramci aka kama shi, yi tunani kafin ka tura gida a sayar da akuya. Sau da yawa asara biyu ake yi.

In an kama ka

Abu na farko, ka tsaya. Gudu shi ke mayar da ƙaramin laifi babba, kuma a wajen gudu ake buge mutane. Kashe mashin, yi magana a hankali, kada ka ɗaga hannu ga jami'i ko da ya zage ka.

Ka duba kakinsa da sunan da ke ƙirjinsa, ka san hukumar da ya fito da ofishin da za a kai babur. Ka nemi a rubuta maka takardar laifi. Tarar FRSC a banki ake biya, ba a hannun jami'i ba. Ka kai shaidar biya, wani lokaci a zaunar da kai a yi maka bita a kan dokokin hanya, sannan a sake maka mashin. Kada ka bar shi ya daɗe a can, domin akwai kuɗin ajiya da ke hawa kullum. Rasit kuma ka adana shi.

In ba ka yarda ka yi laifin ba, kana da damar zuwa kotu. Kotun tafi-da-gidanka kotu ce ta gaske, majistare ne ke zama. Wannan wurin ku riƙe shi da kyau: sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a bayyana wa wanda ake tuhuma laifinsa da harshen da yake ji, kuma a ba shi tafinta kyauta. Yaranmu da yawa ana karanta musu tuhuma da Turanci, su gyaɗa kai don ladabi, a rubuta sun amsa laifi. In ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba, a kawo mai jin Hausa. Sashe na 35 ya ce wanda aka tsare a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, don haka ba a tsare ƙane ko maƙwabcin ɗaki saboda direba ya gudu. Wanda ba shi da kuɗin lauya akwai hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya, a Legas kuma akwai ofishin OPD mai kare marasa ƙarfi kyauta.

In hatsari ne aka ji rauni, a kai mutum asibiti, a sanar da 'yan sanda, a kira ciyaman da Sarkin Hausawan unguwa. In ka ga taro na neman far maka, ka nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa ka miƙa kanka. Wannan ya bambanta da ɓacewa. Wanda ya ɓace ya bar 'yan uwansa da wuta. Rikicin Mile 12 na Maris 2016, wanda aka yi asarar rayuka aka rufe kasuwa, rahotanni sun ce daga ɗan acaba da ya buge wata mata ya samo asali. Na Dei-Dei a Abuja a Mayun 2022, inda aka ƙona kasuwar katako, shi ma daga hatsarin acaba ya tashi. Mai sayar da tumatir da mai shayi da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, su suka biya.

Masu shirin tahowa

Har yanzu ana loda babura a kan tirelolin shanu da na hatsi zuwa kudu. A ƙarshen Agustan 2019 tasfos ta tare wata babbar mota a Legas ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48. An sake su bayan bincike bai nuna wani laifi ba. Sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zuwa ya zauna inda ya ga dama a ƙasar nan, wannan ba alfarma ba ce. Amma 'yancin zama daban, izinin yin haya a titin da aka haramta daban. Kafin ka hau mota ka tabbata kana da katin ɗan ƙasa, lasisi, rasit da takardun mashin da sunanka, da lambar wayar wanda zai sauke ka. Ka tambayi waɗanda ke can unguwannin da aka yarda a yi aiki. Takardun asali ka ajiye a ɗaki, ka riƙa yawo da kwafi, ka kuma ɗauki hotonsu a waya.

Kira ga shugabanni

Sarakunan Hausawa na Agege, Sabo, Shagamu da sauran zango-zango, da shugabannin tashoshi, aiki mafi sauƙi da za ku yi shi ne littafi. Kowane yaro da ya sauka a rubuta sunansa, garinsu, lambar mashin, lambar inji da wanda ya tsaya masa. Ranar da aka zo neman mai laifi, a fito da shi shi kaɗai ya fuskanci shari'a, a kuma tsaya a ga an yi masa adalci. Ranar da aka kama mara laifi, littafin nan ne zai fitar da shi. Shugaban da ke riƙe da irin wannan littafi yana da bakin magana in gwamnati ta fara zancen haramci.

Mu a Jalingo gemunmu ya riga ya kama da wuta. Ku da har yanzu ake barin ku aiki a Ibadan, Abekuta, Ikorodu da Agege, ku shafa wa naku ruwa. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa ɗan uwansa da bai iya karatu ba. Allah ya tsare hanya, ya ba da halal mai albarka, ya mayar da kowa gida lafiya.